Ƙafar Manaja

Litinin, 3 ga Maris

Da safe na tarar da jini a ƙofar baya, ɗigo-ɗigo har ƙarƙashin teburin da nake yankan gilashi. Karen shago ne, wanda mai walda ya raɗa wa suna Manaja don ba ya komai sai kwanciya a inuwa yana kallon masu aiki. Tafin ƙafarsa ta gaba ya tsage.

Maigida, mai shagon, ya duba daga nesa, hannu a aljihu. Ya ce shi kare ya ajiye don gadi, ba gurgu ba. Mako biyu ya bayar, in bai miƙe ba a zo a ɗauke shi. Kowa ya san karen da aka ɗauke haka ba ya dawowa. Ya tambayi wanda ya bar gilashi a ƙasa, kowa ya koma kan aikinsa.

Ni ne. Ranar Asabar na share ɓarɓashi na tura bayan ƙofa maimakon in kai durom ɗin shara, don bayana na ciwo. Taku ashirin ne zuwa durom ɗin. Yau na auna.

Talata, 4 ga Maris

Ɗakina ne a bayan shago, don haka jinyar ta faɗo kaina ba tare da an yi shawara da ni ba. Ban taɓa taɓa kare ba a rayuwata, kuma ban so farawa da furfura ba.

Mai kemis ta bakin titi ta ce ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a wanke, a cire abin da ya maƙale, a sa auduga a naɗe. Ta ce da likitan dabbobi ya gani ya fi. Likitan yana can ƙarshen gari, kuma wace mota ce za ta ɗauke ni da kare?

Mai walda ya riƙe masa kai, ni na sa safar hannu na shiga da hantsaki. Tsinin gilashi kamar rabin farce. Na ɗaga shi a haske na gane shi, na tagar da na yanka ranar Asabar ne, mai ruwan toka. Mai walda ma ya gani. Sai ya shiga yi wa karen waƙa.

Bai cije ni ba. Da ya cija da na fi samun sauƙi.

Laraba, 5 ga Maris

Sau uku yana kwance bandejin da haƙori. Na gaji.

Alhamis, 6 ga Maris

Na yi maganinsa. Na naɗe ƙafar da salatif ɗin da muke ɗaure gilashi in za a loda a mota, zagaye shida, tamau, yadda ba abin da zai motsa. Aikina ke nan, ɗaurina bai taɓa kwancewa a hanya ba. Yini guda bai iya cirewa ba. Har na cika baki a gaban mai walda.

Juma'a, 7 ga Maris

Yatsun sun kumbura suntum, sun yi sanyi. Ya ƙi ci, ya ƙi sha, sai nishi. Na yanke salatif ɗin da reza, na ruga wajen mai kemis.

Ta bar kantinta ta biyo ni. Ta durƙusa ta taɓa ƙafar, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Malam, wannan nama ne, ba kaya ba. Ɗaurin da yatsanka biyu ba za su shiga ƙarƙashinsa ba, ba magani ba ne."

Ta ce da ya ƙara kwana ɗaya a haka da ƙafar ta tafi. Ciwon da ya fara haɗewa ya sake buɗewa. Wato kwana huɗu sun tafi a banza daga cikin sha huɗu.

Sau biyu ke nan, kuma duk ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Ƙanwata ta kira. Ta jiyo kare yana haushi a bayana ta tambaya, na gaya mata. Ta yi dariya har da tari, wai Yaya da ko kyanwa ba ya bari ta gifta ta gabansa. Sai ta ce in riƙa busar da tsakanin yatsun sosai kafin in naɗe, haka ta riƙa yi wa Baba.

Ba da wata manufa ta faɗa ba, na sani, ba halinta ba ne. Wata bakwai Baba ya yi da gyambo a ƙafa kafin ya rasu. Ita ta riƙa wankewa, safe da yamma. Ni daga nan nake ba da umarni ta waya, a yi kaza, kar a yi kaza, har ina mata faɗa. Ban san warin abin ba. Ban san yadda hannu ke gajiya ba.

Na busar da tsakanin yatsun.

Laraba, 12 ga Maris

Mai walda ya fasa gindin tsohon bokiti ya zura masa a wuya don kada ya lashi ciwon. Yanzu yana yawo yana karo da firam ɗin tagogi. Wai an ƙara wa Manaja girma, an ba shi hula. Na sa masa safata a kan bandejin, in ƙasa ta jiƙe in ɗora leda, in cire da zarar ya dawo. Yatsa biyu, kullum ina gwadawa.

Ba mugunya. Bakin ciwon ya yi ja mai kyau.

Asabar, 15 ga Maris

Ya taka ƙafar sau huɗu, ya ɗage. Saura kwana biyu.

Litinin, 17 ga Maris

Maigida ya zo da sabon kare a bayan mota, baƙi, matashi. Ya ce a kira Manaja ya gani. Ya taho da ɗingishi, yana kaɗa wutsiya wa mutumin da ya zo sallamarsa.

Ban shirya magana ba. Na ce gilashin nawa ne, ɗaurin da ya ɓata ƙafar ma nawa ne, da ba don ni ba da yanzu yana gudu. Maigida ya daɗe yana kallona. In faɗi gaskiya, bai wulaƙanta ni ba, ko da yake ya samu dama. Ya ce tun ranar farko ya sani, mai yankan gilashi ɗaya ne a shagon nan, jira yake ya ji daga bakina.

"Shago ba zai ciyar da kare biyu ba," ya ce. "In kana so ya zauna a wajenka, ya zauna. Amma daga yau ba nawa ba ne."

Na ce to. Mai walda ya juya baya yana neman abin da bai ɓata ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai walda ya ari motar surukinsa muka kai shi wajen likitan dabbobi. Likita ya ce ciwon zai rufe, ɗingishin kuwa wataƙila ya zauna. Bai tambayi dalili ba, ni ma ban ƙara ba.

Yarinyar da ke kan tebur tana cike kati. Sunan kare, na faɗa, ta yi murmushi. Shekaru, ban sani ba. Sai ta ce sunan mai shi.

Na waiwaya, mai walda yana kallon silin. Na ba ta sunana, ta sa na maimaita, ta rubuta daidai.

Shekara tara a garin nan, ban da katin aiki ba wata takarda da ke cewa wani abu nawa ne. Ba wani abu ba ne, kati ne kawai. Na sa shi cikin ledar da hoton Baba yake, don kada ya jiƙe.