Layin Gidan Marigayi Ya'u da Aka Yanke Cikin Takaba

Daga: Illiya Chaibou, tsohon malamin lakkol (makarantar boko), unguwar Dagmanet, Agadas.
A madadin: Hajara Chaibou, matar marigayi Ya'u Bahago.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Biron Kula da Ciniki da Haƙƙin Masu Saye, Jihar Agadas.

Litinin, 13 ga Mayu, 2024.

Game da: Yanke intanet ɗin gidan marigayi Ya'u Bahago da kamfanin Iskar Abzin ya yi alhali an biya, da roƙon a mai da shi kafin 27 ga wannan wata.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ina shigar da wannan ƙorafi da sunan yayata Hajara, wadda uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ba ta zo da ƙafarta ba saboda tana cikin takabar mijinta, ba za ta fita ba sai daf da sallar layya. Abin da take nema ɗaya ne: ta ga jikarta da ke Sabaha, ƙasar Libiya, ido da ido a kiran bidiyo, kafin a tafi da jaririyar wani wuri da babu rezo, wato sabis ɗin waya. Ga yadda abin ya faru, a taƙaice gwargwadon yadda zuciya ta bari.

1. Marigayi Ya'u tsohon matuƙin mota ne a hanyar Kawar, wadda ta ratsa hamada ta yi arewa. Ya ajiye tuƙi shekaru da dama, ya koma kiwon awaki da ɗan lambu a bakin gari. Farin bara ya ƙafar da rijiyar lambun, awakin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, hatsi kuma ya yi tsadar da kowa ya sani. Da sojoji suka sake buɗe hanyar arewa, dattijon ya kakkaɓe rawaninsa ya koma tuƙi, da gemu fari fat. Kafin tafiyarsa, a watan Janairu, ya biya kamfanin Iskar Abzin kuɗin wata shida gaba ɗaya. Ƙarshen Dagmanet inda gidansu yake, rezon salula ba ya ɗaukar hoto mai motsi. Ko murya sai an hau soro an daidaita kafin ta fito. Akwatin kamfanin da ɗan farantinsa na saman ɗaki su kaɗai ke haɗa Hajara da 'yarta Fulera, wadda ke aure a Sabaha kuma tana da ciki. Ya'u bai iya karatun boko ba, amma ya san abin da zai bar wa matarsa ya tafi hankalinsa kwance. Takardar shaidar biyan na haɗe da wannan wasiƙa.

2. Ranar 9 ga Fabrairu Allah ya karɓi ransa kusa da Sigidin, bayan ciwon ƙirji na ɗan lokaci. Abokan tafiyarsa suka yi masa sutura a can cikin rairayi, kamar yadda ake yi wa duk wanda hanya ta ci. Hajara ba ta ga gawarsa ba, rawaninsa da carbinsa aka kawo mata.

3. Ranka ya daɗe ya san al'adarmu, don shi ma ɗan Musulmi ne. In mutum ya rasu, danginsa kan bi duk wanda ya taɓa hulɗa da shi, su tambaya ko akwai wani haƙƙi a kansa, don a sauke masa ya kwanta lafiya. Hajara ta dage kada a tsallake kowa. Ta aike ni wurin mai gawayi, da mai gyaran taya, da mai shagon bakin masallaci. Kowannensu ya yi wa mamacin addu'a. Mai gawayi har ya rantse babu komai alhali ni na san akwai. Sai ta tuna da mutanen intanet. Ranar 20 ga Fabrairu na je bironsu, wato ofishinsu, na ce mai gidan ya rasu, ko yana da sauran abin biya? Matashiyar da ke bayan gilashi ta duba na'ura ta ce babu, shi ne ma ke da sauran wata huɗu a wurinsu. Ta yi mini ta'aziyya, na gode mata. Washegari layin ya mutu.

4. Da na koma, aka ce mini dokar kamfani ce: duk kontara, wato rajistar layi, da mai shi ya rasu, rufe shi ake yi har magaji ya zo da kansa, a ɗauki hotonsa, ya sa hannu. Na ce magajiyar tana takaba. Aka ce ai sai a jira ta gama. Na ce to a aiko ma'aikaci gida da takardar, tun da ranar da za a kafa farantin mutum uku suka zo har suka sha shayi. Aka ce ma'aikata sai don sabon abokin ciniki suke fita. Na ce madalla, a ɗauke ta sabuwa, a buɗe mata nata da sunanta. Aka ce gidan yana da kontara, ba a buɗe biyu a gida ɗaya. Na koyar da lissafi shekara talatin, ranka ya daɗe, amma wannan ya fi ƙarfina. Abin da na gane kawai shi ne, da mun yi shiru mun bar kamfanin yana zaton Ya'u na raye, da layin na nan yana aiki har yau. Gaskiyar da muka faɗa don girmama mamaci ita aka hukunta mu a kanta, kuma a unguwarmu akwai masu cewa wauta muka yi.

5. Haka Hajara ta yi azumi ba ta ga fuskar 'yarta ba. Kafin wannan, kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin akwatin, ta jingina salula da ƙwaryar tsinta, suna hira tana tsince shinkafa. Ita ce ke duban ƙafafun Fulera ta ce sun kumbura, ta rage gishiri. Ita ke duban idonta ta gane ko ta yi kuka. Bayan yankewar, sai dai in hau soro da salulata in karɓo saƙon murya in sauko mata da shi. A murya kowa lafiya lau yake. Fulera yarinya ce mai ɓoye ciwo tun tana ƙarama, musamman ga uwar da ke cikin makoki, kuma uwar ta san haka, shi ya sa barci ya ƙaurace mata.

6. Ranar 14 ga Afrilu surukinmu Yahaya, mijin Fulera, ya kira ni ya ce an kwantar da Fulera asibiti, jikinta ya kumbura, tana ta cewa a nuna mata innarta. Limamin unguwa ya ce wa Hajara lalura ta halatta mata fita. Amma a danginmu, daga kakanninmu har yau, ba a taɓa jin matar da ta taka ƙofar gida cikin takaba ba. Ranar Litinin 15 ga Afrilu da hantsi, yayata ta lulluɓe da tsohon mayafinta ta fito. Ta bi layin unguwa kanta a sunkuye, mata na leƙowa ta bayan ƙyaure, ni ina gaba kamar mai jan makaho. Ba ta yarda ta hau babur ba. A cikin wannan zafin ta taka har biron kamfanin.

A can aka ce mata zuwanta ya yi kyau, saura takardar shaidar mutuwa. Wannan sharaɗi, ina roƙon a lura, ba wanda ya ambata mini shi a duk zirga-zirgar da na yi a baya. Mutumin da ya rasu a tsakiyar hamadar Tenere ba likitan da ya gan shi. Sai an kai shaidu biyu gidan shari'a, shaidun kuwa matuƙa ne, suna can arewa tare da ayarin da sojoji ke rakawa. Na yi bayani. Aka ce shugaban reshe ne kaɗai ke iya ɗaga ƙafa, kuma ya tafi Yamai.

Fulera 'yar farin Hajara ce. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan". A ranar, a gaban baƙi cike da ɗaki, ta dafa gilashin da hannu biyu ta ce: "Don girman Allah, Fulera ce ba lafiya. Fulera tawa." Ni ƙaninta ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Matashiyar ta sunkuyar da kai, na ga idonta ya kawo ruwa, kuma ba na neman a taɓa aikinta, don ba ita ta rubuta dokar ba.

7. Da muka fito, na ce tun da ga mu cikin gari inda rezo ke da ƙarfi, mu kira a nan bakin titi. Yahaya ya ɗauka, ya ce an shiga da ita ɗakin tiyata bai fi ɗan lokaci ba. An ciro 'ya mace da rai. Uwar ba ta farfaɗo ba. Ranar Laraba 17 ga Afrilu Allah ya yi mata rasuwa, aka binne ta a Sabaha. Da an buɗe layin a ranar da na fara roƙo, ko a kowace rana cikin watanni biyun da suka biyo, ba na cewa da Fulera ta rayu, rai na Allah ne. Cewa nake da uwa ta ga 'yarta, 'ya ta ga uwarta.

8. Wasu tsofaffin unguwa, Allah ya shirye su, sun ce fitar da ta yi ce ta jawo. Liman ya tsawata, ni ma na yi faɗa har muryata ta dishe, amma maganar ta riga ta shige ta. Ta rantse ko gidan zai kama da wuta ba za ta ƙara taka zaure ba sai takaba ta cika. Don haka kada a ce mini in kai ta gidan wani mai intanet. Na gwada, ta juya mini baya.

9. Jaririyar tana hannun matan maƙwabta a Sabaha. Yahaya leburan gini ne, ba zai iya riƙe ta ba. Ranar sadakar arba'in, 27 ga Mayu, yayarsa Habsa za ta zo ta tafi da ita wata gona a bayan Murzuk inda mijinta ke gadi, wurin da ko murya ba ta kaiwa. Takabar Hajara ba ta ƙarewa sai tsakiyar Yuni. Na shiga gari na sauke hoton jaririyar da ɗan bidiyonta na kawo mata. Ta kalla sau ɗaya ta miƙo mini, ta ce wannan na jiya ne, wa ya san yau? An ce mata mijinta ya rasu, ba ta gani ba. An ce mata 'yarta ta rasu, ba ta gani ba. Yanzu ana ce mata jikarta na raye, ta ce ta gaji da "an ce", so take ta kira yarinyar ta ga ta motsa a daidai lokacin.

10. Ina ƙara sanar da ranka ya daɗe cewa har yau saƙon kamfanin na shigowa salular marigayin, wadda ya bari a hannun matarsa kafin tafiyarsa, yana gaishe shi da suna, yana tuna masa ya sabunta kafin ƙarshen Yuni. Wanda suka rufe wa layi don ya mutu, shi suke yi wa talla. Ba ta iya karantawa, sai ta miƙo mini ta ce ko daga Libiya ne, ni kuma in ce a'a, ba komai ba ne.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon ranka ya daɗe:

Na farko, ya umarci kamfanin Iskar Abzin ya buɗe layin gidan marigayi Ya'u Bahago kafin 27 ga Mayu, ko da na yini ɗaya ne, ko da na sa'a guda bayan la'asar. Takardar gidan shari'a za ta biyo baya da zarar shaidu sun sauko, ni na ɗauki alhakin wannan, kuma liman da mai unguwa sun yarda su sa hannu cewa Ya'u ya rasu kuma Hajara matarsa ce.

Na biyu, in sa hannunta ya zama dole, a aiko mace ɗaya daga ma'aikatansu ta shiga cikin gida ta karɓa. Zan biya kuɗin man babur.

Na uku, a duba wannan doka tasu. Garin nan cike yake da matan matuƙa, kuma hanyar arewa ba ta daina cin maza ba. Kada wata ta sake zuwa sauke wa mijinta nauyi ta koma da irin abin da muka koma da shi.

Watannin da aka biya ba a yi amfani da su ba, Hajara ta ce ba ta neman ko dala, ta bar su sadaka ga mijinta. Ana ta faɗa mana a rediyo cewa a wannan zamani talaka zai samu mai sauraronsa. Mun ji, shi ya sa muka rubuto.

In har abin ba zai yiwu ba, ina roƙon kada a aika amsa gidan. A kira ni biro a faɗa mini. Ni na shiga ɗakinta na gaya mata rasuwar mijinta, ni na sake shiga na gaya mata ta 'yarta, yanzu ko sallamata ta ji a zaure sai ta miƙe tsaye tana duban bakina. Ranka ya daɗe, a taimake ni in shiga wurinta sau ɗaya da labarin da ba zai sa ta zauna ƙasa ba.

Ina mai ƙasƙantar da kai, tare da cikakkiyar girmamawa da jiran amsarka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Illiya Chaibou
(sa hannu)

A madadin Hajara Chaibou, wadda ta dangwala yatsa a ƙasa bayan an karanta mata.

Haɗe da wannan: takardar shaidar biya ta watan Janairu, shaidar liman da ta mai unguwar Dagmanet.