Girgiza Kan Da Kika Yi a Motar Golf

Gaisuwa ta manya, mai hula da sanda, daga Frane mai ɗaure igiyar jiragen ruwa a tasharmu, zuwa ga duk mahalukin da ke cikin jirgin nan mai hawa goma sha huɗu: kyaftin da gemunsa, masu girki da tukwanensu, masu wanki, masu kiɗa, da tsofaffin baƙi masu shanya jiki a rana har su yi jawur kamar soyayyen jatan lande. Kowa ya ɗauki rabonsa ya matsa gefe. Wanda kuma ya buɗe ambulan ɗin nan alhali ba shi ne Rumyana ta sashen gyaran ɗakuna ba, to ya rufe, Allah na kallonsa.

Saura ke. Rumyana, ɓauren watan Agusta mai tsagewa don zaƙi! Inuwar zaitun da tsakar rana! Ruwan sama na farko bayan rani, wanda duwatsun garinmu ke sha har su yi ƙamshi! Kin ƙi ɗaga wayata sati uku, shi ya sa na zauna da biro, ni da ko takardar albashi sai an tsare ni nake sa hannu. Kin dai san waye Frane. Jirginku, da duk girmansa, ba ya tsayawa sai na ce ya tsaya. Amma ga ni nan, 'yar mace guda mai tsawon kafaɗata ta hana ni cin kifi.

Kin tuna Alhamis ɗin ƙarshe da jirginku ya tsaya mana bana? Rani biyu muna haɗuwa, duk bayan sati biyu, awa shida kacal, ba mu taɓa wuce shagon kofi na bakin tasha ba, don ƙafafunki a kumbure suke saukowa saboda tsayuwa. Na ce yau kam a zaune za ki ga garina. Na je na bi layi da baƙi a rumfar barba Vinko, wato kawu Vinko, mai ba da hayar 'yan motocin golf, ni da aka haifa a lungun bayansa! Tsohon ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai Frane, ƙafafunka ne suka mutu, ko kai ma daga jirgi ka sauko?" Da ya hango ki sai ya miƙo makulli. Ya dai ce, "Cajinta rabi ne, ɗana. Ka bi bakin teku, kar ka hau tudu." Na ce masa motar da Frane ya tuƙa ba ta san rabi ba.

Wayyo wannan rana! Kin cire takalmi kin ɗora ƙafa a gaba, iska tana wasa da gashinki kamar yadda take yi da ciyawar bakin ruwa. Muna tafiya kamar kunkuru ina danna hon kamar mai motar asibiti. Na nuna miki makarantar da ta gaji da ni, da kasuwar kifi, da katangar da na faɗo na karya hannu. Matan unguwa suna leƙowa ta tsakanin shanya, ɗaya ta ce, "Frane, nawa kake kai mutum?" kika yi dariya har kika riƙe ciki. Akwai tsuntsun da ya taɓa yin kuka mai daɗin wannan dariya? Babu. Na bincika.

Sai na hau tudun. Ina so ki ga rufin gidanmu daga sama, da itacen rumman da mahaifiyata ta shuka, da ɗakin bene mai kallon teku wanda na yi wa fenti ban gaya wa kowa dalili ba. Saura kaɗan mu kai 'yar majami'ar da ke ƙoli motar ta yi tari ta mutu. Kika sauko ba takalmi kika sa kafaɗa, muka tura tare. Da muka kai, ina haki, gumi na zuba, na dube ki na ga macen da ta tura motar haya da ƙafafu masu ciwo ba ta ce uffan ba. Maganar da na yi wata uku ina shiryawa ta gudu. Na ce kawai, "Rumyana, ki sauka daga jirgin nan. Ki aure ni."

Kika rufe baki da hannu biyu. Idonki ya kawo ruwa. Kika girgiza kai, dama da hagu, dama da hagu.

To kin san halina. Tun ina ƙarami in abu ya yi min zafi, dariya nake riga kowa. Kafin ki sauke hannu na tafa na ce, "Kin yarda? Wasa nake! Wa zai auri macen da ta fi shi iya tura mota?" Na ga fuskarki ta mutu kamar an hure kyandir, na ɗauka tausayina kike ji. Muka gangaro ba caji, ba hon, ba magana. Ƙarfe biyar na yamma, da hannun nan nawa na kwance igiyar jirginku na jefa ta ruwa. Shekara goma sha takwas ina wannan aiki, ban taɓa sanin igiya tana da nauyi ba sai ranar.

Kwana goma sha ɗaya ina yawo da labarin a gari ina ba mutane dariya, don in ban riga su ba, ni za su yi wa dariyar. Har na kai shi gidan burodi wurin teta Donka, wato inna Donka, 'yar ƙasarku Bulgeriya da ta yi aure a nan tun kafin in yi gemu. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta ce, "Yaya ta girgiza? Nuna min." Na nuna. Ta ɗauki burodi mai tsawo ta maka min a ka. "Jakin tasha! A wurinmu haka ake cewa e! In za mu ce a'a ne muke gyaɗawa sama da ƙasa. Yarinya ta ba ka kanta, ka ce mata wasa kake?"

Rumyana, ƙasa ba ta tsage ta haɗiye ni ba, duk da na roƙe ta.

Tun ranar nake ta tunani, abin da ban saba ba. Shekara bakwai kina cikin jirgi da mutanen duniya, kin iya gyaɗa kai irin nasu, na sha gani kina yi wa baƙi. To wanne kika yi min a kan tudu, na gida ko na jirgi? Teta Donka ta ce in mace ta ruɗe, kanta ba ya tuna jirgi, ɗakin uwarta yake tunawa. Ina so in yarda da ita. Amma in e kika ce, to na yi miki abin da ba a yi wa maƙiyi. In kuma a'a ne, ga ni ina damunki a banza. Ko ta ina na juya, ni ne mai laifi, kuma karon farko a rayuwata ban sami abin dariya a ciki ba.

Kin ce ƙarshen watan nan za ki sa hannu a sabuwar kwangila, jirgin zai koma wancan gefen duniya, baɗi ba zai biyo ta nan ba. Kar ki sa, zumata, sai kin ji wannan: ba wasa nake ba. Ban taɓa yin rashin wasa irin na ranar ba. Ki aure ni, Rumyana. Na sake faɗa, ga shi a takarda, inda bakina ba zai iya janye shi ba.

Yanzu ki aiko min da abu guda. Ba hoto ba, ba turare ba. Takarda, da harafi biyu. A yarenku da namu duka e «da» ce, a'a kuma «ne». Ni rubutu bai taɓa zama abokina ba, wannan wasiƙa sau huɗu na kwafe ta, amma harafi biyu ba za su gagare ni ba. Ki riƙe kanki da hannu ɗaya kar ya motsa, ki rubuta da ɗayan. Ko wanne ne, zan karanta shi ni kaɗai, kuma ba zan yi dariya ba.

Naki, jirgi ya zo ko kar ya zo,
Frane