Kan Yumɓun da Ka Bari a Rumfa

Ya Torkil, mijina, sanyin idona, hasken da ke kira masunta gida ranar da teku ta yi fushi! Ka san ni ba gwanar rubutu ba ce, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Wata uku ke nan da muka binne ka, kuma kullum safiya ina shiga rumfarka in jiƙa tsumma in lulluɓe kan nan na yumɓu, fuskata da ka fara ba ka gama ba. Kunne ɗaya ka yi mata. In na ɗaga tsumman, sai in ji kamar wanke hannu ka fita.

Ka tuna gidan bandar kifi, inda nake aiki? Ka taso daga fasa dutse, fari fat da ƙura, ka ɗauki gawayi ka zana ni a takardar naɗe kifi. Na tambaye ka ko hancin nawa ne ko na jirgin ruwa. Ka ce, "Ragna, tsaya cik mana, jirgin ma ya fi ki natsuwa." Daga gawayi ka koma ragowar fentin masunta, kana shafe katako har da ƙofar kabad ɗina. Da dutse ya cinye maka huhu, guduma ta gagare ka, sai ka kama yumɓu, ka ce shi kaɗai ne ba ya gardama da tsoho. Mutanen gari sun yi dariya. Ni ma na yi, masoyina, ka yafe mini.

Yanzu sanyi ya ƙarato. Maƙwabciyarmu Bodil mai tukwane ta ce ƙanƙara za ta tsattsage kan in ba a gasa shi ba, kuma in an gasa shi a cushe zai fashe a wuta. Dole a raba shi biyu da waya, a ƙwaƙule cikinsa, a sake haɗawa. Ta ce ta ɗauke mini. Na ƙi. Yaya baƙon hannu zai shiga inda naka ya tsaya?

Jiya na ja wayar da kaina. Wayyo Torkil! Ashe ciki duk sawun babban yatsanka ne, dunƙule kan dunƙule, inda ka danna ka danna. Kuma su ne zan kwashe in ina son fuskar ta tsira.

Na kwashe su da cokalin shayinmu, ina kuka. Ban zubar ba. Da su na murza ɗaya kunnen, karkatacce, mummuna, amma na liƙa shi. Tunda ba ka nan, sai in saurare ka da wanda na yi da hannuna.

Taka ce ni, har a kwantar da ni a gefenka.

Ragna