Sunan Inna

Daren Talata, watan Sha'aban

Har gobe ban yafe wa Baffa ba, da ya ɓoye mini rasuwar mahaifiyata wai kada karatuna ya lalace. Yau na je ofishin En'e a Kazaure neman shekarar da ta rasu. Malamin ya jawo littafin mamata, ya ce, "Baba, yaya sunanta?" Na ce Inna. Ya yi dariya. "Ai kowa uwarsa Inna ce. Na yanka nake nufi."

Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, nata ma ban taɓa ji ba. Amma sarakunan Ingila ina iya jero su. Gwaggona ta Roni kaɗai ta san sunan Inna, bara aka binne ta.