Jirgin da Na Kife da Baho

Anti, don Allah ki taimake ni, tun shekaranjiya nake cikin matsala. Ni ban iya rubutu ba, da baki nake faɗa, maƙwabciyata mai ɗinki take rubutawa, kuma ta rantse ba za ta yi dariya ba, ga ta nan tana yi.

Bayan katangarmu akwai wani fili da za a gina. Maigidana birkila ne, ya daɗe yana zaman gida, sai ga shi an ce da shi za a yi aikin. Murna kamar me. To shekaranjiyan nan ina tsakar gida ina shanya, ɗana Lukuti yana kwance a tabarma, wata shida ne da shi, sai na ji wani ƙugi kamar an tara ƙudan zuma a tukunya. Na ɗaga kai, wallahi Anti wani abu ne mai ƙafa huɗu kamar gizo-gizo, yana tsaye a iska, ba igiya ba komai. Na leƙa ta katanga, sai na ga mai zanen ginin da hular kwano, yana danne-dannen wani abu a hannunsa. Na tambaye shi mene ne wannan, ya ce jirgi ne mara matuƙi, kada in damu, yanzu zai ɗauki duk abin da ke wajen nan ya gama.

Duk abin da ke wajen nan fa, Anti! Kuma ba matuƙi, balle in roƙe shi ya bar min ɗana.

Ina juyowa sai ga shi ya sauko saitin tabarma, yana kallon Lukuti da ido ɗaya. Ban san sanda na wurga masa jiƙaƙƙen zanen da ke hannuna ba. Ya naɗe, ya yi wani kuka, ya faɗo. Na kife shi da bahon wanki, na ja shi ɗaka, na ɗora turmi a kai. Da mai zanen ginin ya zo yana sallama, na yi lamo har ya tafi.

Yanzu ga inda nake. Maigida ya dawo rai a ɓace, wai an ce ba za a haƙa ko rami ɗaya ba sai jirgin ya fito, in kuma abin ya ja, wasu ma'aikatan za a kawo daga wani aikin. Ya ce in ya kama wanda ya sace shi sai ya yi masa abin da ba zai manta ba. Yana faɗa yana zaune a kan turmin. Da abin ya yi ɗan ƙara, na ce cikin Lukuti ne.

Na tura wa jirgin ruwa a murfi ko zai sha, bai sha ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, yaron nan in yana kuka na ɗaga bahon ya ga jar fitilar da ke jikin jirgin, sai ya yi shiru yana ɓangala dariya. Ko sun fara sabawa ne? Jiya fitilar ta mutu. In na sake shi ya ɗauke min ɗa, in na riƙe shi aikin maigida ya tafi. Ya zan yi?

Maman Lukuti

*

Maman Lukuti, sannu da fama, ki sha ruwa ki zauna, amma ba a kan turmin ba.

Kalma ɗaya ce ta haɗa ki da wannan bala'in. Ɗauka iri biyu ce. Akwai ɗaukar kaya, akwai ɗaukar hoto, kuma ta biyun mutumin yake nufi. Wannan idon da kika gani kyamara ce. Masu zanen gini suna tura jirgin sama ya yi ta ɗaukar hotunan fili, sai a haɗa su a kwamfuta a ga inda ƙasa ta yi tudu, inda ta gangara, inda ruwa yake bi da damina, da inda katangar maƙwabta ta tsaya. Da wannan suke sanin inda tushen gini zai zauna. Matuƙi kuwa yana da shi, mai hular kwanon nan ne. Kuma irin wanda zane ɗaya ya kayar, ba shi zai ɗaga yaron da ake kira Lukuti ba.

Ban ga laifinki a tsoron ba. Uwa ta ga baƙon abu a kan jaririnta, hannunta ne zai riga kanta tunani. Shi ma mai zanen bai kyauta ba. Kamata ya yi ya bi maƙwabta ya yi bayani kafin ya tashi jirgin, kuma bai dace ya sauko da shi cikin gidan mutane ba, fukafukan nan suna yanka. Kina da damar faɗa masa haka, ki kuma ce ya goge hotunan tsakar gidanku. Inda kika kuskure shi ne ɓoyewar, don ita ce take neman cin aikin mijinki, ba zanen da kika wurga ba.

Ki janye ruwan nan, ba ya sha, lalata shi zai yi. Fitilar ma ba mutuwa ta yi ba, caji ne ya ƙare. Yau ɗin nan, bayan maigida ya ci ya ƙoshi, ki miƙa masa Lukuti ya riƙe da hannu biyu, sannan ki ɗaga bahon. Mai riƙe da jariri ba ya iya yin abin da ba za a manta ba. Gobe ku kai wa mai zanen ginin jirginsa tare, ki faɗi abin da kika ji da yadda kika fahimce shi.

Kada ki tsaya jira, domin irin jiragen nan sukan nuna wa mai su inda suka faɗi, kuma ina kyautata zaton hoton ƙarshe da ya ɗauka fuskarki ce, baki buɗe, zane a sama. Gara ki je da ƙafarki kafin hoton ya zo da tasa.

Allah ya tabbatar wa maigida da aikinsa, ya raya Lukuti. In an fara biyansa, ya sayo wa yaron tocila mai jar wuta.

Antinku