Ganyen Gokul

Litinin, 8 ga Janairu 1912
Yau Maharaj, tsohon mai zuhudun da nake wa girki shekara tara, ya ce walimar Lahadi sahu ɗaya za a zauna. Har da dukawa. Na ce, "Maharaj, ni Brahmin ne fa, ƙabilarmu ta masu tsarki ba ta haɗa sahu da dukawa." Ya ce, "Yunwar cikinsu ita wace ƙabila ce, Bhuban?" Ya ci gaba da ɗinkin bargonsa.

Laraba, 10 ga Janairu
Yaya Nibaran ya zo, ko zama bai yi ba. "Ka zuba wa baduku abinci a sahunmu, ba mai sake cin girkinka a garin nan. Sai ka dafa wa karnuka." Gaskiyarsa. Hannun nan nawa mai tsarki shi ne sana'ata, ba ni da wata. Tsoro nake ji.

Asabar, 13 ga Janairu
Na yanko ganyen ayaba ɗari biyu, na zuba abinci a kai. Sau biyu ina ɗaure kayana, ina kwancewa.

Lahadi, 14 ga Janairu
Sun zo. Manya suka zauna can gefe, fuska a murtuke, Yaya a cikinsu. Gokul baduku ya rakuɓe a bakin sahu. Daga sama na saki masa shinkafa da wake, kada ludayi ya taɓa ganyensa. Ya ci, kansa a ƙasa.

Da aka gama, Maharaj ya miƙe da ƙyar, ya nufi ganyen da Gokul ya ci a kai zai ɗauke. Sauran cin wani! Ko na ɗan'uwanka ka taɓa sai ka yi wanka. Gokul ya fashe da kuka: "Baba, kar ka ɗora mini zunubi!" Tsoho ya sunkuya, gwiwa ta ƙi, ya tafi zai kifa. Na tare shi da hannu ɗaya. Ɗaya hannun kuma, ban san yadda aka yi ba, ganyen na gani a cikinsa. Yaya ya tofar da yawu ya fita.

Talata, 16 ga Janairu
Gida uku sun aiko, sun fasa kirana girkin biki. Gokul ya ajiye mini takalma a ƙofa, sun yi mini daidai.

Har yau ban yi wankan ba. Ruwan kogi da sanyi kwanan nan, shi ne kawai.