Kifayen Roba a Cikin Kacalla

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa da fatan kana lafiya. Ina Anti da yara? Gwiwar ta yi sauƙi? Mu nan Dutse lafiya lau.

Kayan fatsa sun iso, na gode, amma na sha kunya. Ranar Asabar na kai ɗalibaina kogi wajen Miga, ina cika baki da kifayen robar nan da ka aiko masu ƙugiya uku-uku. Ashe ciyawar kacalla ta cinye bakin ruwan. Duk jifa sai ƙugiya ta maƙale, zare ya tsinke. Huɗu suka salwanta, ko karfasa ba mu kama ba. Wani dattijo masunci ya ce, "Malam, kifi ka zo kamawa ko ciyawa kake yi wa ado?"

Hedimasta ya ce in muka sake dawowa hannu rabbana, zai soke fitar, ga yaran suna sonta. Don Allah ka aiko ƙananan ƙugiyoyi masu baki ɗaya da zare mai kauri. Tanar da za mu sa a ƙugiya kuwa za mu haƙa da kanmu.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙaninka,
Habibu